Memori Bai Isa Ba

Talata, 11:15 na safe

Yau kwana tara da rikicin. An sassauta dokar hana fita, daga shida na safe zuwa huɗu na yamma. Na je Laranto na buɗe shago. Nawa lafiya lau, ko gilashi bai tsage ba, har allon "Ishaku Mai Hoto" yana nan a rataye. Na kusa da ni ban kalla ba. Na naɗe kwamfuta da zanen matata Binta, na tari keke napep na dawo da ita gida Dutse Uku. Direban ya bi ta lungu saboda shingen sojoji, ramuka suka yi ta jijjiga mu har haƙorana na karo da juna.

Binta ce ta ce in riƙa rubutu tunda na ƙi yi mata magana. Ta miƙo mini ragowar littafin makarantar 'yarmu Madina. To, ga shi ina yi.

Laraba, 2:40 na rana

Nkoli ta kira. Matar Onyekwere, maƙwabcina na shago shekara ashirin da biyu, mai sayar da kayan wuta da na kwamfuta. Sai da wayar ta kusa tsinkewa na ɗauka.

"Malam Ishaku, kana lafiya? Yara fa?"

Ita ce ma take tambayata yara. Na yi mata ta'aziyya. Ta ce suna gidan ƙanwarta ita da 'yarsu Kamsiyochukwu, ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Ranar Juma'a ta makon jibi mota za ta tafi da shi gida, can kudu.

"A wajenmu, 'yar fari ne yana riƙe hoto a gaba, ya zaga gari da shi. Kamsi zai riƙe. Amma hoto babu, Malam. Na falo ya tafi da gida. Wayan Kamsi ya faɗi a hanya. Sai wanda ka ɗauke mu ranar da Kamsi ya gama makaranta a Naraguta."

Na tuna. Shi a tsakiya da jar hula, Kamsi ta dafa kafaɗarsa. Mutumin da ya tsani kyamara kamar allura, ran nan kaɗai ya tsaya mini. Sau nawa na ce zan tura masa a waya, ya ce, "Yana cikin kwamfuta, ina zai je?"

Aikin ba wuya. In ciro shi shi kaɗai, in goge hannun Kamsi, in sa farin baya, in wanke babba, in sa a firam. Na ce, "Maman Kamsi, ki ɗauka an gama."

Alhamis, 9:30 na safe

An kawo wuta. Na kunna. Ta tashi, amma a hankali kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Na danna manhajar gyaran hoto, ta nuna tambarinta, ta yi jim, sai ga ɗan akwati da Turanci: ba za ta iya buɗewa ba, memori bai isa ba.

Na kashe na kunna. Memori bai isa ba.

Na sake. Haka.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da ita ba ta taɓa yi mini wannan iskancin ba. In ma ta yi wani, bango nake bugawa sau biyu, Onyekwere ya shigo yana tsaki, "Malam, me ka taɓa kuma?" Yau har na ɗaga hannu zan buga bangon ɗakin Binta.

Alhamis, 4:10 na yamma

Sau goma sha bakwai. Memori bai isa ba.

Juma'a, 3:00 na rana

Ban je babban masallaci ba, a na unguwa na yi. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa, kowa ya san wanda ya ce an ce. Na tashi na bar su.

Ni dai ta cikin manhajar nan nake buɗe hoto, haka ya koya mini tun farko. Na san akwai wata hanyar leƙawa cikin folda, amma ban leƙa ba. Gaskiya ban shirya ganin fuskarsa ba. Hoton yana cikin foldar bikin gama makaranta ta shekarar, inda nake ajiye na kowa. Yana nan, ina zai je.

Asabar, 10:50 na safe

Na gano! Ashe abin ba wani abu ba ne. In wayar Binta ta ce memori ya cika, me muke yi? Mu goge bidiyon wa'azi da na biki, ta dawo daidai. To kwamfuta ma uwar waya ce.

Na zauna na yi shara. Fasfo na mutanen da ko sunansu ban tuna ba, na goge. Bukukuwan shekara bakwai da suka wuce, waɗanda rabinsu auren ma ya mutu, na goge. Kalandar 'yan siyasa, na goge da daɗin rai. Sai wasu foldoji masu sunayen banza irin waɗanda kwamfuta ke haifa wa kanta, baƙaƙe a jere ba ma'ana. Akwai wata EZINULO, ƙatuwa, ta cinye wuri. Na haɗa da ita. Na zazzage kwandon shara, ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata mana, ke ce za ki koya mini?

Na danna manhaja. Memori bai isa ba.

Tir da wannan abu.

Lahadi, 1:00 na rana

Sati biyu cif. Ban kunna ba.

Lahadi, 5:20 na yamma

Ran nan wayata ta yi ƙara sau biyu. Ina hanya ne, ina sauri.

Litinin, 12:30 na rana

Ruwa tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Na tono faifan da ya ba ni tun da daɗewa, na cire manhajar gaba ɗaya na sake sa ta sabuwa. Awa biyu tana tafiya. Memori bai isa ba. Na ce ko ban yi daidai ba, na sake cirewa na sake sawa. Sau uku na yi haka.

Binta ta ajiye mini faten dankali a gefe har ya yi sanyi. Ta ce, "Baban Madina, ka kai wa masu gyara mana."

Na ce wa zan kai wa? Mai gyaran nawa yana mutuware. Wannan ne karo na farko da na faɗa da bakina, kuma da tsawa na faɗa. Ta ɗauke kwanon ta fita. Ban kyauta mata ba.

Talata, 11:40 na safe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daure na leƙa foldar bikin gama makaranta, in kwafi hoton a filashi in kai wani shago a yi mini. Na bi ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan mutane da hulunansu masu igiya. Babu shi. Na sake bi. Babu.

Na kira lambar ƙanwar Nkoli na ce a ba ni Kamsi. Na yi kamar tambaya ce kawai.

"Baba Ishaku, ai Daddy ya ɗauke shi daga nan tuntuni. Ya buɗe folda tasa a kwamfutarka, nan yake tara namu. Ka duba Ezinulo."

Na ce me?

"E, Z, I. Ezinulo. Iyali ke nan da yarenmu. Ka gani?"

Na ce na gani.

Shekara ashirin da biyu. Ya iya Hausa har da zagin Kanawa, ya san lokacin kowace salla, in na tafi masallaci shi yake tsare mini shago. Ni kuwa ko kalma ɗaya ta yarensa ban riƙe ba, ban da gaisuwarsu "kedu" da nake tsokanarsa da ita. Na ga sunan iyalinsa na ɗauka shirmen inji ne.

Talata, 4:30 na yamma

Na buɗe kwandon shara sau ya fi ashirin. Wayam.

Laraba, 10:00 na safe

Nkoli ta kira. "Malam, yaya aiki?"

Na ce yana tafiya, kwamfuta ce take ɗan ba ni matsalar memori.

"Memori? In aiko maka na wayan ƙanwata? Sabo ne."

Na ce a'a, ta bar shi, na gode. Matar da ba ta da zanen canji tana neman ba ni memori. Da na ajiye wayar na shiga banɗaki na daɗe.

Alhamis, 8:15 na safe

Ƙarya na rubuta ranar Lahadi. Ba a hanya nake ba. Ina nan cikin ɗakin nan, na kulle ƙofa, wayar tana hannuna, sunansa yana haske. Na san abin da zai ce. Zai ce in zo in ɗauke su, ko in buɗe musu gida. Na kalli Binta, na kalli Madina da cikinta wata takwas, na ji hayaniyar da ke bakin layi. Na bar ta ta gama ƙara. Ta sake, na sake bari.

Tsoro na ji. Ba wani suna da zan sa masa.

Juma'a, 2:50 na rana

An sake rufe gari. Wani abu ya faru wajen kasuwa, ban tambaya ba. Saura sati ɗaya.

Asabar, 12:00 na rana

Ba fita.

Lahadi, 12:00 na rana

Ba fita. Na kunna don kawai in ga akwatin. Har na haddace inda zai fito.

Litinin, 3:45 na yamma

An buɗe. Na ɗauki kwamfuta na tafi wajen Dantong mai gyara a Taminus. Onyekwere ya sha ambatonsa, yana cewa duk Jos in abu ya gagare shi can yake kaiwa. Rabon da in taka wajen tun kafin abin. A hanya na cire hulata na sa a aljihu, daga baya na ji kunya na mayar.

Dantong mutum ne mai jiki, da furfura a gemu, ba ya son dogon bayani. Na ce ni ne maƙwabcin Onyekwere. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo mini kujera.

Ya kwance murfin, ya leƙa, ya yi tsaki. Ya zaro wani siririn abu kore mai tsawon yatsa biyu, ya goge bakinsa da abin goge fensir, ya hura, ya mayar ya danna. Ƙas. Ya kunna, ya danna manhaja. Ta buɗe tar, kamar ba ita ba.

Minti biyu. Wallahi bai kai uku ba.

"Oga, ram ɗinka ne ɗaya ya zame. Ka ɗauke ta a mota?"

Na ce a keke.

"Shi ke nan. Rami ya girgiza shi."

Na ce to memorin da ta ce bai isa ba fa? Na goge kaya da yawa don in sama mata wuri.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka goge me?"

Na gaya masa duka. Ya dafe kai.

"Haba Oga! Memori biyu ne. Akwai sito inda kaya ke kwana, akwai teburin da ake aiki a kai. Teburinka ne ya karye, kai kuma ka shiga sito ka kwashe kaya ka zubar."

Ya ce abin da aka goge yakan dawo, in dai ba a ɗora wani abu a kansa ba. Ya tambaya ko na sa wani abu sabo tun ran nan. Na ce manhajar, sau uku. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce in bar ta, in dawo gobe.

Talata, 1:20 na rana

Ya tono abin da ya tonu. Hotuna ɗari biyu da wani abu ne a foldar, yawancinsu sun zama toka-toka, wasu layi-layi kamar zanen atamfa. Muka bi su tare.

Kamsi tana jaririya. Nkoli a bakin coci. Sai ga Madina ranar saukarta. Ga Binta da Nkoli suna yanka albasa ranar bikin Madina. Ga ni kaina ina barci a kujerar shago baki buɗe, ban san ma ya ɗauka ba. Duk a folda ɗaya ya zuba mu. Dantong ya tashi ya ce bari ya sayo ruwa, ya daɗe bai dawo ba.

Na Naraguta ya fito. Daga sama lafiya lau: jar hula, goshi, gira, idanu biyu suna harara ta don na ce ya yi murmushi. Daga ƙasan ido zuwa ƙasa toka ce zalla. Ba hanci, ba baki, ba gemu.

Na ce ba yadda za a yi? Ya ce, "Oga, wurin an taka shi. Ko Bature ya zo sai haƙuri." Ya ƙi karɓar ko sisi.

Laraba, 11:00 na safe

Ejiofor ya iso daga kudu, ƙanen Onyekwere uwa ɗaya uba ɗaya, shi zai raka gawa. Ya zo shago don ya ga hoto. Na ce ana wankewa. Ina kallonsa sai na ga haɓarsu iri ɗaya ce. Na tambaye shi ko akwai wani hoton a gida. Ya ce sai na lokacin da yake ɗan shekara sha tara, siriri kamar kara, ko uwarsu sai ta ƙura ido take gane shi.

Na ce ya tsaya in ɗauke shi, na tarihi. Ya gyara riga ya tsaya, bawan Allah.

Laraba, 5:30 na yamma

Na yi. Na ɗauki hancin Ejiofor da bakinsa da haɓarsa na dasa a ƙarƙashin idanun wansa. Na daidaita launin fata, na ƙara ƙiba a kumatu, na zuba furfura. Shekara talatin ina sana'ar nan ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ba wanda zai ga ɗinki.

Na kira Binta. Ta tsaya a bayana ta daɗe.

"Wane ne wannan?"

Na ce Baban Kamsi mana.

"A'a. Wannan dai wani ne ya ari idonsa."

Na ce ke me kika sani a hoto? Ta ce ba ta san hoto ba, amma ta san mutumin da ya ci tuwonta shekara ashirin. Ta ce yarinyar nan za ta ɗaga shi a gaban tsohuwar da ta haife shi.

Na rufe ido in ga bakinsa na gaskiya, in gyara. Na kasa. Muryarsa tana kunnena, tsakinsa, dariyarsa, amma bakin ya ƙi zuwa.

Alhamis, 3:30 na rana

Na wanke biyun, na sa kowanne a firam, na je gidan ƙanwar Nkoli. Sai da Ejiofor ya fito bakin titi ya shiga da ni, matasan layin suna bina da ido.

Tana zaune a tabarma da baƙaƙen kaya, ta rame. Kamsi na gefenta. Na durƙusa, ban yi doguwar gaisuwa ba don kada in fasa. Na ce, "Maman Kamsi, na yi ɓarna." Na faɗi komai, keke, memori, folda, sau ukun da na taka wurin. Na jingina hotunan biyu a bango, na ce wannan na ƙarya ne, rabinsa Ejiofor ne. Wannan kuma shi ne abin da ya rage.

Ejiofor ya fara faɗa da Turanci, Nkoli ta ɗaga masa hannu. Ta kalli na ƙaryar, ta kau da kai. Ta ja jiki ta matsa kusa da ɗayan, ta sa yatsa a kan girarsa.

"Duka ya tafi? Na Kamsi yana ƙarami, na aure?"

Na ce yawanci.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Kamsi ce ta tashi ta ɗauki mai tokar ta rungume. "Wannan zan riƙe, Baba. Haka yake kallona in na yi laifi."

Na miƙe zan tafi, Nkoli ta ce, "Malam, ran nan ya kira ka."

Na ce ya kira.

"Yana so ya gaya maka kar ka zo Laranto, wuri ya ɓaci. Ya ce kila wayanka yana caji."

Ban san yadda na kai bakin titi ba.

Juma'a, 9:40 na safe

Sun tashi ƙarfe bakwai daga tashar Laranto, doguwar mota fara, akwatin a baya. Nkoli ta ce ba za su dawo ba. Binta ta kawo musu soyayyen nama da dankali a leda, suka riƙe juna ita da Nkoli har direba ya yi ta hon.

Kamsi tana gaba kusa da direba, ta ɗora firam ɗin a cinya yana kallon waje. Jar hula, idanu, sai toka. Mutane suka taru suna leƙe, masu sayar da burodi, 'yan kamasho, fasinjan wasu motoci.

Da motar ta fita ƙofa, wani dattijo mai jiran motar Bauchi, ban san shi ba, ya taɓa ni ya ce, "Kai jama'a, mutum ya mutu a rasa hoton kirki? Wane mai hoton ne ya yi musu wannan aikin banza?"

Na ce, "Ni ne. Abokina ne."